Tsakuwar Akka a Ɗakin Dutse

…biyu ne. A'a, tsaya, bari idona ya saba da duhun tukuna. Na runtse, na buɗe — biyu ne dai, Baban Raro. Ƙoƙon kai biyu, ƙanana, gefe da gefe. Ɗaya muka kawo nan, ni da kai. Ɗaya na haifa, ɗaya na wanke da ruwan ɗumi, ɗaya ka naɗe a fatar tunkiya ka ɗaure a ƙirjinka ka sauko da ita ta igiya. To wa ya ƙaro min na biyun?

Wayyo gwiwata. Ƙofar nan da ka sassaƙa, ko ɗan akuya sai ya durƙusa kafin ya shiga. Sau nawa na ce ka ƙara mata faɗi? Ka ce masu kwana a ciki ba su taɓa yi maka ƙorafi ba. To mai gyara musu ɗakin fa, ita ma gawa ce?

Kana waje. Ina jin ka a bayana ko ban juya ba… kwance a makara, a ɗan dakalin da ke bakin ƙofa, Raro ɗanmu ya tallafe kanka. Mutanen tudu duk sun sauko, sun jeru a siririyar hanyar nan, kowa ya manna bayansa da dutse don kada idonsa ya faɗa kwazazzabo. Ni suke jira. Matar gida ce ke fara shiga, da rarrafe, ita kaɗai, ta gaida na ciki da sunayensu, ta matsar da su gefe, ta yi wa sabon zuwa wuri. Kuma na yi, ban tsallake kowa ba. Na gaida babanka, na ɗaga kansa na jingina da bango. Na gaida uwarka — har yanzu haƙoranta a cije suke, sai ka ce na sake cika gishiri a wake. Na gaida ƙanenka da bijimi ya soka. Na jawo tukwanensu gefe, na share tsakiyar ɗaki da tafin hannu. Sannan na juya gabas, wajen ɗan gadon da ka sassaƙa wa Tita a jikin bango…

Babu bangon.

Ya huje, Baban Raro. Kana ji na? Bangonka ya huje. Rami ne da tulu zai wuce ta ciki, ɓaraguzai sun zubo ta nan sun zube ta can, iska na shigowa tana taɓa min fuska, kuma iskar wani ɗaki ce ba namu ba. Na san ɗakin. Na su Akka ne, maƙwabciyarmu, ƙofarsu na nan bayan kusurwa, ƙarƙashin ɓauren da ya tsiro a tsagar dutse. Ɗanta Ruke a jikin bangon nan aka kwantar da shi ta wancan gefe. Tita tamu ta wannan gefe. Yanzu haƙarƙari da 'yan yatsu duk sun cakuɗe da ƙasa kamar tsakin sha'ir, kawunan biyu kuma ga su zaune a bakin hudar, ba a wajenmu ba, ba a wajensu ba, suna kallona.

Wanne ne na 'yata?

Jiya da hantsi — jiya ne ma kuwa? — ka kamo bakin zanena. Hannun nan naka da ya fi dutse kaushi, ko zanen bai iya riƙewa da kyau ba. Ka ce, "Resa, ki sa min yaran a hannu." Na ce, "Yarinya dai. Ɗaya ce. Raro ga shi can da ransa yana gyaran shinge, kada ka yi masa baki." Ka dube ni, ka daɗe kana dubana, ka rufe ido. Zazzaɓi kan karkata harshe, na san da wannan. Amma na yi maka alkawari. Na ɗora hannuna a goshinka na ce Tita za ta kwana a hannunka na dama. Shekara ashirin da wani abu kana jiran ka sake ɗaukarta, ni kuma ga ni durƙushe a gabanta ban gane ta ba.

Uwa ce ni? Wace irin uwa ce za ta…

"Inna!" Raro ke kira. "Inna, lafiya dai?"

"Lafiya! Ka bar ni in gama gaisuwa mana, ko so kake kakarka ta ce ba ni da tarbiyya?"

An yi 'yar dariya a waje, irin ta makoki, gajeriya. Su yi. Muddin suna dariya ba wanda zai leƙo.

Inuwa. Dole in sa ido a kan inuwa. Rana tana bakin ƙofa yanzu, ta shigo ciki tsawon hannu, amma inuwar dutsen tsallake tana hawowa daga kogi. Kafin ta taɓa bakin ƙofa dole ka shigo, a mayar da murfi, a toshe da laka. Wanda inuwa ta riga shi shiga, duhu ne ke binsa, ba zai gane danginsa a ciki ba. Haka uwarka ta gaya min ranar da ta koya min gyaran ɗaki, tana zungurina da gwiwar hannu. Ƙarya ce ko gaskiya, ba da kai zan gwada ba.

Na dama ya fi girma? Kaɗan. Ko hasken ne ke ruɗina. Tita goshi gare ta, goshin gidanku, mai yin gaba kamar zai riga ta isa wuri. Ka tuna yadda Akka ke tsokanarta? "Goshi, ina za ki ba ki jira ƙafafunki ba?" To duk biyun goshi gare su. Ashe in nama ya tafi, kowane yaro goshi gare shi. Wushirya — tana da wushirya, iska ke fita ta wurin in tana kiran akuya… haƙoran sun zube, ramuka ne kawai a jere. Ruke ya taɓa faɗowa daga katangar garke ya fashe a gira, ni na riƙe shi Akka ta shafa masa zuma. Ina shafawa da babban yatsa, ina shafawa, nan da can… babu komai. Tabon a fata ya tsaya, fatar kuma ta tafi da shi. Sarƙar ƙwanson teku fa, wadda ka musanya da cuku wajen masu jirgi ka rataya mata? Zaren ya ruɓe. Ga ƙwanso ɗaya nan kusa da gwiwata, ga wani can yana fari cikin ɗakin su Akka inda hannuna ba ya kaiwa.

In shinshina? Haba Resa, tsohuwar banza, me za ki ji…

Na shinshina. Ƙasa ce da kashin jemage. Da, tsakiyar kanta ƙanshin madara da hayaƙi take yi. Ruke ma haka. Ai nono ɗaya suka sha —

Zazzaɓin haihuwa ya ƙafar wa Akka da nono, yaron yana ihu har muryarsa ta koma ta ɗan mage, mijinta na can yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Na tsallake katanga na ɗauko shi, ban tambayi kowa ba. Tita a nan, Ruke a nan. Ka shigo ka ga abin, ka ce, "To, mun samu tagwaye ba wahala." Na ce wahalar ai ba a ƙirjinka take ba. Akka tana zaune a bakin ƙofa, ta rame kamar sanda, tana kallon ɗanta yana sha, tana juya tsakuwarta a hannu, ƙas, ƙas, ƙas. Tsakuwar nan! Farare, masu sulɓi, na kogi, ba ta rabuwa da su a ƙullin zane. Duk abin da zai iya gangarawa sai ta tokare shi da uku: tulu, ƙwai, dunƙulen cuku. Na ce, "Akka, wata rana har mijinki za ki tokare." Ta ce, "Wannan ai ya riga ya gangara, ƙawata, sai dai a tare shi a kogi." Muka yi dariya har yaran suka saki nono suna kallonmu.

Rabona da yin dariya da ita…

Daminar tari. Tita ce ta fara. Ta fara, ta tafi, kafin wata ya sake tsayawa Ruke ya bi ta. Akka ba ta taɓa cewa 'yarki ce ta shafa masa ba, ko sau ɗaya. Da ma ta faɗa, da na samu abin amsawa. Ido kawai. Ko ba idon ba ne, ni ce na kasa kallonta? Muka koma gaisuwar bakin marmaro. An tashi lafiya? Lafiya. Ya tumaki? Suna nan. Gidanta da nawa katanga ɗaya, amma sai in bi ta bayan rumbu don kada mu haɗu. Na yi kewarta, Baban Raro, na yi kewarta fiye da yadda na taɓa gaya maka, kuma girman kai bai bar ni na tsallaka ba.

Kai kuma… kai! Mai kunne. Haka suke kiranka, ko ba haka ba? Nenda mai kunne. Rabin ɗakunan da ke fuskar dutsen nan hannunka ne, har daga tudun tsallake ake zuwa da rago a roƙe ka. Ka rataya a igiya kamar gizo, ka buga guduma, ka manna kunne, ka ce nan akwai kauri, nan babu. Kamu guda tsakanin ɗaki da ɗaki, ba a ragewa. Ina jin ka kana yi wa Raro faɗa: kada ka saurari dutse yana jiƙe, in ya sha ruwa muryarsa kan yi kauri ko shi ba kauri. Kai ka faɗa! Da bakinka! To a wane lokaci ka sassaƙa gadon nan? Cikin ruwa. Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, dutsen ya sha ya ƙoshi, yarinyar na kwance a gida cikin fatar tunkiya, ka ɗauki gizagon tagulla ka sauka. Na ce ka sa ta a ƙasa kamar kowa. Ka ce a'a, tana tsoron ƙafafun manya, za a tattake ta, sai ka yi mata wurinta sama kaɗan, inda hasken ƙofa zai fara sauka. Ka buga, ka saurara, dutsen ya ce maka akwai sauran wuri. Ka ci gaba da ci, kana ci, kana kuka…

Kauri nawa ka bari? Bari in taɓa bakin hudar. Yatsu biyu. Yatsu biyu, mai kunne! Shekara da shekaru yaran nan kai da kai suke kwance, tsakaninsu ɗan abin da bai kai kaurin wainar sha'ir ba. Sai shekarar da dutsen wuta ya yi aman hayaƙi, ƙasa ta girgiza, tukwane suka zubo daga kan katanga, muka kwana a fili da tumaki. Lokacin ne. Ba shakka lokacin ne ya rufta.

Ina jin haushinka. Ina jin haushinka har wuyana, kuma ba ni da inda zan kai shi, ga ka kwance a waje da allurar tagulla a kafaɗar mayafi, an gyara maka gemu kamar mutumin kirki.

In suka sani… Ka san abin da za su yi. Wanda ya huda ɗakin wasu, ba a kwantar da shi a dutse. Doka ce, ba ni na kafa ta ba. Ina yarinya na ga yadda aka yi da Tebe mai gizago. Shi ma ba da gangan ba ne, ɗan rami ne da ko hannu ba zai shiga ba. Suka sauke shi bakin kogi kamar baƙon da ba a san gidansu ba, suka tara masa duwatsu, da ruwa ya cika ya kwashe duwatsun, dila ya ƙarasa. Matarsa ta rasa wanda za ta gaida in ta shiga gyaran ɗaki. Har ta mutu tana tsayawa a bakin kwazazzabo tana magana da ruwa. Ni ba zan yi magana da ruwa ba. Ba zan yi ba. Dattawan nan da ke tsaye a waje suna sharar hawaye, waɗanda kai ka sassaƙa wa iyayensu makwanci, su ne za su fara cewa a juya makara.

Ƙas. Ƙas, ƙas.

Tana nan. Akka tana cikin layin, ba nisa da ƙofa, ina jin tsakuwarta. Ko a makoki ba ta iya barin hannunta ya huta.

In kira ta? Ita za ta gane nata. Akka da ke gane ɗan ragon kowace tunkiya cikin garke ɗari, da ido ɗaya, tana tafiya tana kaɗi. Ta duba sau ɗaya ta ce wannan Ruke ne, shi ke nan, wanda ya rage Tita ce. Kalma ɗaya. Akka, zo. Amma ta ina za ta zo? Ta ƙofarmu, a gaban kowa? Tun da aka fara sassaƙa dutsen nan mace ba ta taɓa shiga ɗakin da ba na gidanta ba. Za su ce me ya faru. Dattijo zai durƙusa ya leƙo, iskar hudar ta taɓa masa gemu… In na kira ta na samu 'yata, na rasa maka wuri. In na yi shiru na samar maka wuri, hannunka ya tafi wayam.

Ko in ɗauki ɗaya kawai. Kowanne. Wa zai sani? Na dama, mai ɗan girman. In ce Tita, ga babanki, in ɗora, in fita ina kaɗe gwiwa. Wa zai sani?

Kai za ka sani. In Ruke na ba ka, za ka rungume ɗan mutane har dutsen nan ya narke, ita kuma tana nan bakin rami, a gabanka, tana kallon babanta ya ɗauki wani. Ka san halinta. Ko ɗan akuya ka ɗauka sai ta zo ta ture shi ta hau cinyarka. Ba zan iya yi mata wannan ba.

Tita… Tita, Goshi, ke ce? Ki yi wani abu mana. Ki motsa. Inna ce, na tsufa ne kawai, muryar ce ta canza.

Shiru. Jemage ne ke motsi a ɗakin su Akka.

Fuskarta ma… tsaya. Idonta wane iri ne? Baƙi ne ƙirin ko mai ruwan zuma? Na san goshin, na san wushiryar, na san yadda take kama kunnena in tana shan nono — ko shi ne ke kama kunne? Ɗayansu ke kama kunne, ɗayan ya dunƙule hannu. Wanne? Ina faɗa wa kaina kullum ina ganinta, kullum, in ina niƙa, in ina tatsa. Ashe sunanta kawai nake gani. Wayyo ni, Baban Raro, yaushe ta zube min ban ji faɗuwarta ba?

"Inna, inuwa ta wuce ɓaure."

"Na ji! Ina da ido."

Ba ni da shi. Da ina da shi ai da na gama.

Bari in ɗaga su. Watakila nauyin ya gaya min, hannu ya tuna abin da ido ya manta. Na ɗauke ta sau dubu, daga tabarma zuwa baya, daga baya zuwa tabarma. A hankali… yi haƙuri, ɗana ko 'yata, ko wanne ne kai. Ba nauyi. Kamar ƙoƙon shan ruwa. Wannan ne duk abin da —

Ƙas.

Me ya gangaro? Wani abu ya fito daga ƙarƙashinsa ya bugi gwiwata. Ɓaraguzai ne. A'a… ɓaraguzan bango kaifi gare su, suna yankan hannu. Wannan sulɓi gare shi. Sanyi, mulmulalle, fari ko a duhu. Dutsen tudun nan ba ya haifar irin wannan, sai ruwa ya daɗe yana lasarsa. Ga wani. Ga na uku. Bari in laluba ƙarƙashin ɗayan… ɗaya, biyu… uku.

Kawunan nan ba gangarowa suka yi ba. Ni da haukana, wane kai ne zai faɗo cikin girgizar ƙasa ya zauna daidai, fuska na kallon ƙofa, ɗan'uwansa a gefe? Ajiye su aka yi. Tokare su aka yi.

Akka.

Mijinta ya mutu bayan girgizar, damina biyu da suka wuce. Ita ta shiga gyaran ɗakinsu. Ina cikin layin, ka tuna, kana gefena. Ta daɗe. Ta daɗe har mutane suka fara gunaguni, inuwa ta kusa lasar ƙofa, surukarta, matar babban ɗanta, na kira ba ta amsawa. Da ta fito, gwiwar hannunta duk jini, fuskarta fari fat da ƙura, na ce a raina ikon gani, duk wannan kukan saboda mutumin da ya riga ya gangara? Dattijo ya ce, "Ɗaki lafiya?" Ta ce, "Ɗaki lafiya." Ta ɗago ido, ba ni ta duba ba, kai ta duba. Na gani. Na gani na wuce da shi kamar ban gani ba.

Ta durƙusa a can, kamar yadda na durƙusa a nan. Ta zura hannu ta hudar nan har dutse ya yanke ta, ta tono su daga ƙasa, ta share musu ƙura. Ta shafa gira tana neman tabo. Ta duba haƙora. Watakila ta shinshina ita ma, tsohuwar banza irina… Da ta gane nata, ai da ta ɗauke shi ta kai shi can ƙuryar ɗakinsu, ta turo min tawa. Ba ta gane ba. Akka mai gane ɗan rago cikin ɗari ba ta gane ba. Shi ya sa ta zaunar da su tare a tsakiya, ta tokare su kada su sake gangarawa.

Kalma ɗaya ta isa a sauke ka kogi tun kana da rai, a karya maka guduma a gaban Raro. Ɗanta ne aka huda wa makwanci. Ta ce ɗaki lafiya.

Ɓauren da nake tsinta a bakin ƙofata da safe, a jere kan ganye — na ce yaran unguwa ne. Dunƙulen cukun nan, ranar da ka fara kwanciyar ciwo… yana zaune a kan katanga bai gangaro ba, iska na kaɗawa. Ban ko duba ƙarƙashinsa ba. Wace irin makauniya ka aura?

Kai kuma a watan da ta shiga ɗakinsu ka rataye gudumarka. Kafaɗa, ka ce. Kafaɗarka ke ciwo. Ni ina dafa maka ganye ina gasa maka kafaɗar da ba abin da ya same ta, ina yi maka faɗan ka yi saurin tsufa. Ranar da na hango ku a bakin marmaro, tana magana kai kana kallon ƙasa, na ce me take gaya maka haka, ka ce zancen tunkiya ne. Zancen tunkiya! Damina biyu kana kwana a gefena da wannan a ciki, ita tana kwana bayan katanga da shi, ni kaɗai ce ke barci.

Yaran.

Ki sa min yaran a hannu.

Ba zazzaɓi ba ne. Ba harshenka ne ya karkace ba. Ka faɗa min daidai, da sauran numfashin da ya rage maka, ni kuma na gyara maka magana. Har ranar mutuwarka sai da na gyara maka magana, ka dube ni, ka rasa ƙarfin maimaitawa…

To amma ita fa? Ta yarda? Kun yi wannan maganar a bakin marmaro, ko kai kaɗai ka yanke, kamar yadda ka yanke gadon? In na ɗora maka su biyu, ran da nata ya zo, surukarta ta shiga gyaran ɗaki, wa za ta gaida da sunan Ruke? Akka ta kwanta har abada ba ɗanta a gefe, yana nan ɗakin wasu, a hannun mutumin da ya huda masa bango. Sata ce wannan. Ko ba sata ba ce? Ta bar shi a tsakiya, ba ta ja shi wajenta ba. Ba ni ta yi? Ko ajiya ta yi, tana jira in zo, ni da na shayar da su, wai ko ni zan gane abin da ita ta kasa?

Ni take jira. Damina biyu tana jira in shigo ɗakin nan in gaya mata wanne ne ɗanta.

Tsakuwar ta yi shiru a waje. Tun yaushe? Ta ji na daɗe. Ta san inda na kai. Tana tsaye can da hannu a dunƙule tana sauraren abin da zan ce in dattijo ya tambaya, kuma ba zan iya ko kiran sunanta ba.

Hasken ya ja baya, ya bar gwiwata. Ban san lokacin da na ɗauki na biyun ba. Ga su a ƙirjina, ɗaya nan, ɗaya nan, hannuna ya koma yadda ya saba ba tare da na sa shi ba. Na gaji, Baban Raro. Na gaji, ƙafafuna sun mutu, ƙurar ta cika min baki. Haka nake riƙe su da sassafe, ido a rufe, barci na fizgata, ɗaya na ja ta dama ɗaya ta hagu, ɗaya ya kama min kunne… ko a lokacin ma ban san wanne ke wane gefe ba. Ban taɓa buɗe ido na duba ba.

"Inna." Ba kira yake ba yanzu, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya tare sauran hasken da kafaɗunsa. "Inna, inuwa ta iso. Mu shigo da shi?"